Ranar da mujallar likitoci ke yi wa kanta hisabi

A ƙarshen watan Yunin 2022, mujallar The Lancet da ake bugawa a Landan ta samu labarin da kowane edita ke fatan ji. Ma'aunin tasirinta, wato lambar da ake auna martabar mujallun kimiyya da ita, ya tashi daga 79 zuwa sama da 202 cikin shekara guda. Karon farko ke nan da ta sha gaban kishiyarta ta Amurka, New England Journal of Medicine, wadda ta daɗe tana riƙe da kambun mujallun likitanci na duniya.

Amma lambar ta fito ne daga maƙalun da mujallar ta buga a 2019 da 2020. Cikin na 2020 kuwa akwai wata da kwananta 13 kacal a duniya aka janye ta, bayan ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta dakatar da gwajin wani magani, Faransa kuma ta hana bai wa masu cutar korona shi. Shekarar da ta jawo wa mujallar lamba mafi girma a tarihinta, ita ce kuma ta jawo mata abin kunyar da har yau ake ba da misali da shi.

Irin wannan lissafi mai fuska biyu ne ke jiran kwamitin editocin kowace mujallar likitanci idan shekara ta zagayo. Zama ne da ba a jin labarinsa a rediyo, amma abin da aka yanke a cikinsa yana biyo hanya har ya iso ɗakin shan magani na ƙauye: wane rigakafi za a ɗiga wa jariri, wane magani za a daina bayarwa, wane saƙo mai taken "bincike ya nuna" zai yi ta yawo a WhatsApp tsakanin Maraɗi da Tarabulus da Abijan.

Su wa ke zaune a teburin

Mujallar likitanci ba irin wadda ake sayarwa a bakin titi ba ce. Likitoci da masu bincike ne ke aiko mata da sakamakon aikinsu, ita kuma ta tace, ta buga wanda ya tsallake. Aikin na hannun rukuni uku. Akwai babban edita da mataimakansa, waɗanda a manyan mujallu ma'aikata ne masu albashi. Akwai masu bita, masanan waje da ake aika wa maƙala, mutum 2 ko 3, su karanta su faɗi ra'ayinsu, galibi ba a biyan su ko dala. Sai kwamitin editoci, manyan malaman jami'a da likitoci daga fannoni da ƙasashe daban-daban, waɗanda ba su cika shiga aikin yau da kullum ba, amma su ke duba alƙiblar mujallar. Yawanci sau ɗaya suke haɗuwa a shekara, ido da ido ko ta intanet, babban edita ya shimfiɗa musu alƙaluman shekara, su kuma su yi masa tambayoyi.

Wasu mujallun ba su barin alƙaluman a cikin ɗaki. JAMA, mujallar ƙungiyar likitocin Amurka da aka kafa a 1883, da ƙannenta na fannoni irin su zuciya da yara da ido, sun saba buga bitar shekarar da ta wuce: maƙala nawa aka aiko, nawa aka karɓa, kwana nawa aka ɗauka, har da jerin sunayen masu bitar da suka taimaka. Daga irin waɗannan rahotanni ake gane tambayoyin da kwamiti ke yi.

Abin da ake ƙirgawa

Tambaya ta farko ita ce nawa suka shigo, nawa suka fita. Mujallu irin su The Lancet da New England Journal of Medicine kimanin 5 suke karɓa cikin kowane rahoton bincike 100 da aka aiko musu. Mafi yawa ko hannun masu bita ba su kaiwa, editoci ne ke mayar da su cikin ƴan kwanaki. Idan masu aikowa suka ƙaru, alama ce ta cewa masana sun yarda da mujallar, amma kuma kaya ne a kan editoci. Editocin JAMA sun bayyana cewa daga 1 ga Janairu zuwa 1 ga Yunin 2020 an aiko musu da maƙalu sama da 11,000, alhali a daidai wannan lokaci na 2019 kimanin 4,000 suka samu. Aiki ya kusa ninka uku, idanun da za su duba shi kuwa ba su ninka ba.

Ta biyu ita ce lokaci: kwana nawa tsakanin isowar maƙala da amsar farko, kwana nawa tsakanin karɓa da bugawa. Jinkiri na da illa. Sakamakon da zai iya ceton rai yana kwance a cikin kwamfutar edita, matashin likitan da ya rubuta shi kuma yana jiran ya fito kafin a yi masa ƙarin girma.

Ta uku ita ce masu bita, waɗanda samunsu ke ƙara wuya. Wani rahoto da kamfanin Publons ya fitar a 2018 ya nuna cewa a 2013 edita na aika gayyata 1.9 kafin ya samu bita guda, amma zuwa 2017 sai ya aika 2.4. Kwamiti kan tambaya ko mutane ƙalilan ne ake ta ɗora wa aikin, da kuma daga waɗanne ƙasashe suka fito.

Bayan nan sai masu karatu: sau nawa aka buɗe maƙala, sau nawa aka sauke ta, jaridu nawa suka ɗauki labarinta. Duk waɗannan ana iya jera su a takarda guda. Amma akwai lamba ɗaya da ke danne sauran.

Lambar da kowa ke jira

Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo tunanin ma'aunin tasiri a 1955, aka fara fitar da shi shekara-shekara tun 1975. Yanzu kamfanin Clarivate ne ke fitar da shi a kowane watan Yuni. Lissafin ba wuya. A misali, idan mujalla ta buga maƙalu 200 a shekaru biyun da suka wuce, sannan a bana wasu masana suka ambace su sau 1,000 a nasu rubuce-rubucen, to ma'auninta 5 ne. Garfield ya yi shi ne don ya taimaka wajen zaɓen mujallun da suka cancanci a ajiye a riƙa bibiya. Daga baya jami'o'i suka mayar da shi sandar awon mutane, wa za a ɗauka aiki, wa za a ba kuɗin bincike.

Matsalar ita ce lambar ambato take ƙirgawa, ba ta tambayar dalilin ambaton. Wanda ya ambaci maƙala don ya yaba mata, da wanda ya ambace ta don ya ƙaryata ta, duk ɗaya ne a wurinta. Hawan da The Lancet ta yi ma daga guguwar korona ne. Maƙalar da ta buga a ranar 24 ga Janairun 2020, wadda ta bayyana majinyata 41 na farko a birnin Wuhan na ƙasar Sin, an ambace ta sau dubun dubata, domin kusan duk mai rubutu kan cutar da ita yake farawa.

Lambar kuma tana iya karkatar da zaɓin edita. Cutar da masu bincike dubbai ke aiki a kanta a Turai da Amurka, kamar ciwon zuciya ko sankara, tana kawo ambato da yawa. Cutar nan mai cin baki da fuskar yara matalauta, wadda likitoci ke kira noma, wadda ake jinyar masu ita a Damagaram da Sakkwato, masu bincike a kanta ƙalilan ne, saboda haka ko maƙalar ta yi kyau masu ambatonta kaɗan ne. Sai a Disamban 2023 OMS ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Editan da idonsa ke kan lamba kaɗai ya san wadda zai zaɓa tsakanin biyun.

Akwai kuma masu maguɗi. Wasu mujallu kan matsa wa marubuta su riƙa ambaton tsofaffin maƙalunsu, wasu kuma su haɗa baki suna ambaton juna. Duk shekara Clarivate na hana wasu mujallu lambar saboda irin wannan. A Disamban 2012 wasu editoci da masana suka haɗu a San Francisco suka tsara wata sanarwa, wadda aka sani da DORA, suna kira da a daina auna mutum da lambar mujallar da ya yi rubutu a ciki. Dubban mutane da cibiyoyi sun sa hannu, amma har gobe editoci na jiran watan Yuni.

Kwana 13

Ranar 22 ga Mayun 2020 The Lancet ta buga wani bincike da ya ce ya tattara bayanan majinyatan korona 96,032 daga asibitoci 671 a nahiyoyi shida. Ya ce waɗanda aka bai wa kulorokin, maganin zazzaɓin nan da mutanen yankin Sahel suka daɗe da sani, ko ɗan'uwansa hidiroksikulorokin, sun fi mutuwa, kuma sun fi samun rikicewar bugun zuciya. Jagoran marubutan babban likitan zuciya ne a jami'ar Harvard, Mandeep Mehra. Bayanan kuwa daga wani ƙaramin kamfani suka fito, Surgisphere, mallakar ɗaya daga cikin marubutan, Sapan Desai.

Bayan kwana uku OMS ta dakatar da gwajin maganin. Ranar 27 ga wata Faransa ta soke izinin amfani da shi ga masu korona. Sai dai masu karatu sun fara ganin abin da masu bita ba su gani ba. Jaridar The Guardian ta lura cewa maƙalar ta ce mutum 73 sun mutu a asibitoci biyar na Ostareliya, alhali a lokacin duk ƙasar 67 aka ƙirga. Masana sama da 100 suka rubuta wa mujallar buɗaɗɗiyar wasiƙa, kuma cikin abin da suka yi mamaki har da alƙaluman Afirka: idan an yarda da su, to kusan kashi 25 cikin 100 na masu cutar a duk nahiyar, da kashi 40 na waɗanda suka mutu, a asibitocin da ke hulɗa da wannan kamfani suke, asibitoci masu ajiye bayanan majinyata a na'urori na zamani. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake cika rajista da biro a asibitocin nahiyar ya san da walakin.

Da aka nemi kamfanin ya miƙa bayanan don a tantance, sai ya ƙi. Ranar 4 ga Yuni marubuta uku suka nemi a janye maƙalar, domin su kansu ba za su iya tsaya wa bayanan ba. A ranar ce kuma New England Journal of Medicine ta janye wata maƙalar da aka gina kan bayanan kamfanin. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Washegari wani babban gwaji na Birtaniya mai suna RECOVERY ya sanar cewa maganin ba ya rage mutuwar masu korona da ke kwance a asibiti, amma wannan karon da majinyata na gaskiya da alƙaluman da za a iya bibiya.

A ɗaya ɓangaren ma sauri ne ya haifi nawa. Maƙalar da ta fara tallata maganin, ta Farfesa Didier Raoult na birnin Marseille, haifaffen Dakar, an miƙa ta ga wata mujalla ranar 16 ga Maris na 2020, aka karɓe ta ranar 17. Babban editan mujallar na cikin marubutanta. Mutum 36 aka yi lissafi da su, bayan an cire 6 daga cikin waɗanda suka sha maganin, ciki har da uku da aka kai ɗakin masu tsananin ciwo da ɗaya da ya rasu. A takardar lissafin shekara, amsa cikin kwana guda abin alfahari ne. Sai a Disamban 2024 aka janye maƙalar.

Abin da The Lancet ta yi bayan nata kuskuren shi ne ainihin hisabi. A watan Satumban 2020 editocinta suka buga sababbin ƙa'idoji. Dole fiye da marubuci ɗaya ya tabbatar cewa ya ga bayanan da idonsa, ya kuma tantance su. Idan aikin haɗin gwiwa ne da kamfani, ɗaya daga cikin masu tabbatarwar ya kasance ɗan jami'a. Kowace maƙalar bincike ta faɗi ko za a ba wasu bayananta su duba. Binciken da aka gina kan tarin bayanai masu yawa kuma sai an samu mai bitar da ya san irin wannan tari ciki da waje.

Shafin da ba a son buɗewa

Shi ya sa kwamitin da ya san aikinsa ba ya tashi sai ya buɗe shafin gyare-gyare: kuskure nawa aka gyara a bana, maƙala nawa aka sa wa alamar shakku, nawa aka janye, kuma wata nawa aka ɗauka tsakanin ƙorafin farko da ɗaukar mataki. Mujallar da ba ta taɓa gyara ko janye komai ba, ba lalle ne ta fi sauran tsabta ba. Wataƙila ba ta dubawa ne.

Editoci sun san tankaɗensu na da huji. Mujallar BMJ ta Birtaniya ta taɓa gwada masu bitarta da gangan: ta dasa manyan kurakurai 9 a cikin maƙala, ta aika wa masu bita sama da 600. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa a matsakaici kimanin 3 kawai kowanensu ya gano. Bita na rage ɓarna, amma ba ta kama ɓarawon da ya ƙirƙiro alƙalumansa da kyau, domin mai bita abin da aka rubuta yake gani, ba ya zuwa asibitin.

Jinkirin janyewa ma na da nasa farashi. A Fabrairun 1998 The Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield, wadda daga yara 12 kawai ta jefa shakku kan rigakafin ƙyanda, tana alaƙanta shi da wata larurar ƙwaƙwalwa. Wani ɗan jarida, Brian Deer, ya bankaɗo maguɗin da ke ciki tun 2004, amma sai a Fabrairun 2010 aka janye ta gaba ɗaya, aka kuma soke lasisin Wakefield a shekarar. Cikin waɗannan shekaru 12 iyaye da yawa a Birtaniya sun ƙi kai ƴaƴansu rigakafi, ƙyanda ta dawo, jita-jitar kuma ta tsallaka teku tana yawo har yau.

Ko an janye maƙala ma ba ta mutuwa nan take. A farkon 2021 mujallar Science ta duba rubuce-rubuce 200 da suka ambaci maƙalun Surgisphere biyu bayan janye su, ta tarar fiye da rabi sun ambace su kamar ba abin da ya faru.

Yanzu kuma akwai sabuwar annoba, kamfanonin da ke ƙera maƙalun bogi suna sayar wa masu neman ƙarin girma. A 2023 an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya, adadin da ba a taɓa gani ba, kuma sama da 8,000 daga mujallun Hindawi suke, kamfanin da aka kafa a Alƙahira, wanda Wiley ya saya a 2021 kan dalar Amurka miliyan 298. Kafin abin ya fashe, alƙaluman waɗannan mujallu sai hawa suke yi, maƙalu na ƙaruwa, kuɗi na shigowa. Daga ƙarshe Wiley ya binne sunan Hindawi baki ɗaya.

Wa ke yi wa edita hisabi

Mujalla na da mai ita, ko kamfani ko ƙungiyar likitoci, kuma mai ita na son riba da zaman lafiya da manya. Kuɗi na shigowa ta hanyar masu biyan kuɗin karatu, da tallan magunguna, da kuɗin da marubuta ke biya, da kuma kwafin maƙala da kamfanonin magani ke saya su raba wa likitoci. Kamfanin Merck ne ya sayi mafi yawan kwafi sama da 900,000 da aka sayar na wata maƙalar New England Journal of Medicine ta shekarar 2000 kan maganin ciwon gaɓɓai Vioxx, maganin da aka janye daga kasuwa a 2004 saboda haɗarin bugun zuciya. Kwamiti na da haƙƙin tambaya ko irin wannan ciniki na leƙowa ɗakin editoci.

A Janairun 1999 ƙungiyar likitocin Amurka ta kori George Lundberg, wanda ya shekara 17 yana editan JAMA, saboda ya gaggauta buga wata maƙala da ta zo daidai da shari'ar tsige shugaba Bill Clinton. Editocin duniya suka yi ca, suna cewa idan mai mujalla zai iya korar edita don bai ji daɗin maƙala ba, to ba sauran ƴanci. Daga nan aka kafa wa JAMA wani kwamitin sa ido na musamman, wanda ke auna aikin edita, yake kuma tsayawa tsakaninsa da shugabannin ƙungiyar.

Daga Madarunfa zuwa Boston

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Nijar da teburin editocin Landan ko Boston. Amsar na gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi. A can ne cibiyar bincike ta Epicentre, ta ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa MSF, tare da ma'aikatar kiwon lafiya, ta gwada wani rigakafin zawo mai suna Rotasiil da aka yi a Indiya, wanda ke jure zafi na watanni ba tare da firiji ba. An yi lissafi da jarirai 3,508, aka tarar yana kare kusan kashi 67 cikin 100 na zawo mai tsanani da ƙwayar rota ke haddasawa. New England Journal of Medicine ta buga sakamakon a Maris na 2017, OMS kuma ta amince da rigakafin a 2018.

A 2018 mujallar ta sake buga wani gwajin da aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, inda aka riƙa bai wa ƙananan yara maganin azitiromisin sau biyu a shekara. A ɓangaren Nijar, a yankunan Boboye da Loga na jihar Doso, mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100. OMS ta fitar da shawara kan haka a 2020. Wani gwajin da ya biyo baya a jihohin Doso da Tawa, wanda aka buga a 2024, ya samu raguwar kashi 14 cikin 100 idan aka bai wa yara daga wata 1 zuwa wata 59. Tankaɗen da ya bar maƙalar Surgisphere ta wuce, shi ne dai ya tace waɗannan. Ingancinsa magana ce ta ran yaran ƙasar nan.

Wannan ya kawo wata tambaya da ta fara shiga bitar shekara: sunan wa ke kan maƙala? Wani nazari da aka buga a 2004 kan manyan mujallu biyar ya gano cewa kashi 6.5 cikin 100 kacal na abin da suka buga ya fito daga ƙasashen da kashi 90 na mutanen duniya ke zaune. An daɗe ana kuka da masu binciken da ke sauka kamar baƙin biki, su ɗebi jini da bayanai su tafi, likitan gida da ya yi wahalar a sa sunansa a tsakiya ko a manta da shi. Mujallun PLOS a 2021, da Nature a 2022, sun fara tambayar marubuta irin rawar da masanan ƙasar da aka yi binciken suka taka.

Sai batun kuɗi. Mujallun da kowa ke karantawa kyauta, marubuci ne ke biya, kuma a manyansu kuɗin kan kai dalar Amurka 5,000 ko fiye, wajen miliyan 3 na sefa. Da yawansu na yafe wa masu bincike daga ƙasashe marasa ƙarfi, ciki har da Nijar, kamar yadda shirin Hinari da OMS ta buɗe a 2002 ke bai wa cibiyoyin waɗannan ƙasashe damar karanta dubban mujallu kyauta. Yafiya nawa aka yi a bana, kuma wa ya samu, tambaya ce da ta cancanci layi a takardar lissafi.

Hisabin mujallun gida

A mujallun Afirka lissafin ya sha bamban. Edita galibi malamin jami'a ne da ke aikin bayan ya tashi daga asibiti, ba albashi. Tambayoyin kwamiti su ne ko an fito a kan lokaci, ko an samu masu bita, ko an shiga manyan rumbunan bincike irin su MEDLINE na Amurka, domin maƙalar da ba ta cikin rumbu tamkar ba a rubuta ta ba ce. Wasu sun tsallake, kamar Annals of African Medicine ta Sakkwato, da Pan African Medical Journal da wasu likitoci ƴan Kamaru suka kafa a 2008, wadda ke karɓar rubutu da Faransanci da Ingilishi. Rumbun African Journals Online, da ya fara a 1998, na ɗauke da mujallun nahiyar sama da 500. Tun 2004 kuma wani shiri ya haɗa wasu mujallun Afirka, ciki har da na Mali da Gana da Malawi, da manyan takwarorinsu na waje don horar da editoci.

Ga malaman likitanci na jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram, abin ya shafi tuwonsu. Hukumar CAMES, wadda aka yanke shawarar kafa ta a taron Yamai na Janairun 1968, mai hedkwata a Wagadugu, tana duba maƙalun da malami ya buga kafin ta ɗaga matsayinsa. Inda ake da irin wannan matsi, ƴan damfara na nan kusa. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya rubuta maƙalar bogi cike da kurakurai, ya ƙirƙiro sunayen marubuta da cibiyoyin Afirka, ya aika wa mujallu 304 masu karɓar kuɗi. Guda 157 suka karɓa. Irin waɗannan ba su da shafin gyare-gyare, ba su da kwamitin da ke zama, wani lokaci ma sunayen da suka jera ba su san an sa su ba.

Saboda haka ɗalibi ko wanda aka turo wa saƙon "bincike ya nuna" na da abin dubawa kafin ya tura gaba. Wace mujalla ce, kuma a wace shekara? Mutum nawa aka gwada, 36 ko 3,508? Idan aka rubuta taken maƙalar a rumbun PubMed, wanda kyauta ne ko a wayar salula, wadda aka janye na fitowa da alama a samanta. Rumbun Retraction Watch, mai tattara maƙalun da aka janye, shi ma a buɗe yake ga kowa tun Satumban 2023.

Ita kuwa lambar The Lancet, da guguwar korona ta lafa sai ta sauko, 168.9 a 2023, sannan 98.4 a 2024. Daga 2025 Clarivate ta daina ƙirga ambaton maƙalun da aka janye a cikin ma'aunin. Ƙa'idojin da mujallar ta kafa a Satumban 2020 na nan daram, kuma duk mai aiko mata da bincike, daga Harvard yake ko daga Maraɗi, sai ya faɗi wa da wa suka ga bayanan da idonsu.